Warin Bakin Ladan

Talata, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau Jaji ya kira azahar da kiran asuba. Rana tana tsakiyar kai, awaki sun lafe a gindin katanga, sai lasifikar masallacinmu ta sanar da unguwa cewa salla ta fi barci. Ya faɗa sau biyu yadda aka saba, ya ƙara na uku daga aljihunsa. Asiya, matata, ta leƙo daga madafa ta ce, "Taubashinka ya fara." Na ce ai bai yi ƙarya ba, rabin ma'aikatan meri, ofishin magajin gari, barci suke yi a wannan lokaci.

Na yi dariya. Ina son a san na yi dariya, don daga baya ban ƙara ba.

Na tarar da shi zaune a wurin alwala, ya yi amai, hula a ƙasa. Ya fi shekara ashirin yana ladanci, rabona da ganin tsakiyar kansa tun muna yara. Alhaji Abdulƙarim mai siminti, shugaban kwamitin masallaci, ya sunkuya zai ɗaga shi, sai ya ja da baya kamar ya taka garwashi. Liman ya sunkuya, ya ɗago, ya yi a'uziyya a hankali. Daga nan kowa ya zo ya sunkuya, bi da bi, kamar guga ya faɗa rijiya.

Aka juyo wurina, ni malamin makaranta da ake ce wa Mushe, aka ce, "Mushe Sirajo, kai ka yi boko har Yamai. Zo ka ji."

Na ji. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar mangwaron da aka mance a cikin jaka. Abin da suke nufi kuwa, abin nan da ake sayarwa a kwalba a bayan tasha, ban taɓa kusantarsa ba sai a littafi. A littattafan Faransawa an sha shi shafi bayan shafi, amma takarda ba ta wari. Sai dai alamomin sun zo daidai da karatu: tangaɗi, nauyin harshe, amai, magana ba kai. Na ce, "To." Iyakar abin da na ce ke nan.

Muka kai shi gida ta lungun baya.

Talata, bayan isha'i

Ba zan rubuta sunan abin ba. Jaji ne fa.

Laraba, 4 ga Oktoba, hantsi

Zara'u, matarsa, ta ja labule ta ce wa masu zuwa ya koma gona Kona. Daga can ɗin ya dawo da zazzaɓi makon jiya, bayan girbin gero. Ni kaɗai aka bari na shiga, sai Alhaji Abdulƙarim da bai jira a bar shi ba.

Ya kusa shanye randa. Ya sha, ya fita bayan gida, ya dawo ya sha. Alhaji ya ce haka suke yi washegari, ƙishi ke kama su. Na ce ina ya sani. Ya ce direbobinsa suka gaya masa. Daga nan idonsa ya kai ƙarƙashin gado, ya jawo wata koriyar kwalba da saiwoyi a ciki da ruwa baƙi. Zara'u ta ce jiƙo ne na wani mai magani a kasuwa. Alhaji ya shinshina, ya gyaɗa kai, ya fita da ita a riƙe da yatsa biyu.

A littafi mutum yakan yi barci ya tashi da ciwon kai da nadama. Na jira nadamar. Shi kuwa numfashi yake ja mai zurfi, da sauri, kamar zugazugin maƙeri. Ya kalle ni ya kira ni da sunan babana.

Laraba, bayan magariba

Marwa, babbar ɗiyarsa, ta iso daga Mayahi da la'asar. Ko mayafi ba ta ajiye ba. Ta dubi ubanta, ta dube ni.

"Baba Sirajo, kai ma kana nan kana kallo?"

Na ce ana rufa masa asiri ne.

"Asirin za ku rufe, ko shi za ku rufe? Ko mi ya sha, asibiti za mu."

Ta tsaida adaidaita a ƙofar gida, a gaban kowa.

A asibiti majo, babban ma'aikacin jinya, ya soki yatsarsa ya ɗiga jinin a na'ura. Na'urar ta ƙi nuna lamba, ta nuna haruffa biyu, wai abin ya fi ƙarfinta. Likita ya zo, wani dogo mai magana a gajarce. Ya ce, "Yana da ciwon sukari?"

Na ce, "A'a," da muryar da nake faɗa wa ɗalibai shekarar da aka yi yaƙi. Zara'u ta ce wa ƙasa, "E."

Ashe ya yi shekaru da shi. Allura safe da yamma. Kwalbar tana cikin wata 'yar tukunya mai jiƙaƙƙen rairayi a bayan randa. Randar da nake shan ruwa duk ran da na je gidan.

Likita ya ce yaushe aka daina yi masa. Zara'u ta ce:

"Tun da zazzaɓi ya hana shi cin abinci. An ce muna allurar don abinci ce. Ba abinci, mi allura za ta yi? Kuma mutumin da bai ci komi ba, daga ina sukari zai hau?"

Da a aji ta faɗi haka da na ba ta cikakken maki. Likita bai ba ta ba. Ya ce da Faransanci sunan abin acidocétose, ya yi bayani, ga yadda na fahimta. Allurar mabuɗin rumbu ce. In babu ita, sukari yana nan jibge cikin jini amma jiki ba ya iya ci, sai ya ji yunwa ya kama ƙona kitsen kansa, kamar gidan da ya rasa itace ya shiga ɓalle ƙyauren ɗaki yana girki. Hayaƙin wannan girki shi ke tsamar da jini. Zazzaɓi kuma ƙara wa jiki buƙatar allura yake yi, ba ragewa ba. Ko mutum bai ci ba, ba a yanke ta da ka, likita ake zuwa.

Na ce, "To shi warin bakin fa, dokta?"

"Hayaƙin ke nan. Ku mi kuka ɗauka?"

Na duba silin ɗin ɗakin. Yana buƙatar fenti.

Ya ce da mun bari sai da safe... Bai ƙarasa ba, aka kira shi.

Alhamis, 5 ga Oktoba, yamma

Ƙarin ruwa, leda bayan leda. Allurar sukari, allurar zazzaɓi. Bai farka ba.

Juma'a, 6 ga Oktoba, bayan hantsi

Bai farka ba.

An ba Danda tela riƙon ladanci. Jaji da inuwar katanga yake aiki. Danda da wayar salula, kuma ɗansa ya saita masa ita a kan lokacin Yamai, don haka mutanen Tasawa yanzu sai rana ta faɗi a bakin kogi muke yin magariba. Muryarsa kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti.

Na koyar da aji biyu yau. Ban san me na koyar ba.

Asabar, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Ya buɗe ido da safe. Ya dubi leda, ya dubi hannunsa, ya dube ni.

"Bature," ya ce. Haka yake kirana tun ran da aka sa ni lakwal, makarantar boko, aka sa shi allo.

"Zakara," na ce. Muryata ta yi wani iri, na ɗora wa mura.

"Wa ya kira asuba?"

"Danda."

Ya rufe ido ya daɗe, har Marwa ta miƙe za ta kira majo.

Da mata suka fita ya riƙe mini hannu. Ya ce in rantse ba zan gaya wa kowa ciwonsa ba. Na ce ciwo ne kamar kowane ciwo, har ministoci suna da shi.

"Kai ba ka zama majalisa. Ka san abin da suke cewa game da namijin da ke da sukari? Gobe sai ka ji an ce Zara'u ƙanwata ce, zaman zumunci muke."

Na yi dariya, na rantse. Sai bayan na rantse na tuna abin da majalisar take cewa yanzu.

Ya ce, "Mi aka ce ma mutane?"

Na ce zazzaɓi. Ai akwai zazzaɓin.

Lahadi, 8 ga Oktoba, la'asar

A ɗakin akwai masu irin ciwonsa biyu. Wani manomi daga Baudeta, ƙaya ta soke shi a ƙafa, gyambon ya ruɓe, sukarin ya tashi. Yana samun sauƙi, har yana yi wa majo cinikin rago. Ɗayan makiyayi ne daga wajen El Alasan Mairairai, bai ma taɓa sanin yana da sukari ba sai da ya faɗi a bakin rijiya. Sun fara kai shi wurin mai ruƙiyya, sannan suka ɗauko shi a amalanke. Na wuce ta gefen gadonsa, na ji warin nan, shi ɗin dai. Nasa dangin sun ce iska ce. Kowane gida da abin da yake tsoro.

Litinin, 9 ga Oktoba, safe

An naɗe katifar makiyayin. Jaji ya juya fuska bango. Likita ya ce wanda ya zo da wuri yawanci da ƙafarsa yake komawa.

Talata, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Unguwa ta fara zuwa dubiya, kuma ta zo da yafiya.

Liman ya zauna a bakin gado ya yi ƙaramin wa'azi a kan ƙofar tuba, cewa ba a rufe ta sai rai ya kai maƙogwaro. Jaji ya ce haka ne, Allah ya sa mu dace. Mai shayin bakin titi ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, kowa ɗan Adam ne." Alhaji Abdulƙarim ya shigo da yaransa ɗauke da katan na lemun kwalba da galan na zuma. Ya ce, "Malam Jaji, in ƙishin ya taso, wanga ya halatta."

Majo ya ga katan ɗin ya kusa faɗuwa. Na ce nawa ne, ajiya na ba shi.

Da suka tafi Jaji ya ce, "Bature, mi na yi ma mutanen nan da suke ta yafe mani?"

Na ce haka ake yi wa wanda ya leƙa lahira ya dawo.

Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan isha'i

Na je majalisar ƙofar shagon Alhaji, da niyyar wanke Jaji ba tare da na karya rantsuwa ba. Na shirya jawabin tun a hanya, da gabatarwa da kammalawa.

Na ce likita ya tabbatar ba abin da suke zato ba ne. Jininsa ne ya yi tsami.

Alhaji ya ce, "To ai shi abin ma tsami gare shi. In ji direbobina."

Na ce a'a, warin daga ciki yake fitowa, jikinsa ne yake yin abin da kansa.

Danda ya ajiye kofin shayi.

"Wato har ya kai jikinshi na dafawa da kanshi? Innalillahi. Ashe an daɗe ana yi."

Na ce ba haka nake nufi ba. Suka ce to wane ciwo ne, in faɗi sunansa. Na faɗi na Faransancin. Alhaji ya ce duk abin da aka rasa sunansa da Hausa akwai dalili.

Na je da gobara ɗaya, na dawo da biyu. Asiya ta ce in riƙa tsayawa a kan nahawu.

Asabar, 14 ga Oktoba, azahar

An sallame shi. Ya rame, riga tana yawo a jikinsa. Likita ya ce wa Zara'u ta maimaita abin da ya koya mata. Ta ce, "Ko bai ci ba, ba a yanke allura, a zo nan." Ya ce jiƙon kasuwa fa? Ta ce yana wurin Alhaji.

Ban faɗa masa ba.

Litinin, 16 ga Oktoba, yamma

Ya aika a karɓo masa mabuɗin akwatin lasifika. Liman ya ce ya dai huta tukuna. Ya sake aikawa. Liman ya ce hutu ba ya yawa.

Na ji a gari cewa kwamiti zai zauna ran Juma'a bayan magariba, a tabbatar wa Danda ladancin. Ba za a ce komai ba, don rufin asiri. Za a ba Jaji sabuwar darduma a gode masa.

Ba albashi ba ne, ba shi da wani albashi. Amma ban san me Jaji zai zama ba in an cire wannan. Tun yana saurayi yake tashin garin nan.

Talata, 17 ga Oktoba, la'asar

Na je da niyya. Muka yi hirar farashin wake.

Laraba, 18 ga Oktoba, la'asar

Yau ma. Hirar tsuntsayen da suka ci dawa a Kona. Ya ji kiran Danda daga nesa, ya dubi inuwar katangarsa.

Marwa ta tare ni a zaure. Jibi za ta koma Mayahi. Ta ce uwarta ba za ta iya ba, kunya ba za ta bar ta ba. "In ba ka faɗa mishi gobe ba, Baba Sirajo, ni zan faɗa. Kuma daga kanka zan fara."

Yarinyar nan ni na koya mata karatu. Ban san na koya mata wannan ba.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Yana zaune a tabarma yana gyaran carbi. Na fara daga nesa, daga yadda jahilci yake yi wa al'umma illa. Ya ce in sauko.

Na ce, "Sun ce giya ka sha."

Ga shi na rubuta.

Ya dube ni. Ya ce, "Ni?" Na ce shi. Na ba shi labarin azahar da kiran asuba, da layin masu sunkuyawa, da kwalbar jiƙo, da direbobin Alhaji. Ya saurara kamar labarin wani mutum ne a wani gari.

"Zara'u ma?"

"Ba ta yarda ba. Ba ta dai ƙi ba."

"Kai fa?"

Na ce ni "to" kawai na ce.

"Karatun Yamai ke nan duka? To?"

Sai ya kama dariya, har tari ya sarƙe shi, har ya share ido da hannun riga, kuma sharewar ta fi dariyar daɗewa. Ya ce shi ko hanyar bayan tasha ba ya bi, don kare.

Na ce magani ɗaya ne. Ya sake ni daga rantsuwa, in gaya musu sukari ne.

Ya koma kan carbinsa. Na ɗauka godiya yake haɗawa. Ashe lissafi yake.

"Tsaya tukuna. Shi mashayi, in ya tuba, an yafe mishi ko?"

"An yafe."

"Shi kuwa wancan zancen, ba a tuba daga gare shi."

Na ce Jaji, kana aunawa ne da gaske? Ya ce in bar shi ya kwana da abin. Na ce Danda fa? Ya ce kada in ambaci Danda yana tunani.

Juma'a, 20 ga Oktoba, safe

Bai aiko ba. Na kasa karyawa.

Juma'a, bayan isha'i

Da la'asar ya aiko in zo in riƙe masa kwano. Ban tambaya ba.

Bayan magariba kwamiti ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, dardumar godiya tana gefe cikin leda. Mutane ba su watse ba, kowa ya samu abin gyarawa a takalminsa. Sai ga Jaji a hankali, ɗauke da 'yar tukunyar rairayi a hannu biyu, ni a bayansa da kwanon tuwo, don an ce in an yi allurar sai an ci.

Ya yi sallama, ya zauna a tsakiya. Ya fito da kwalbar, ya ja maganin, ya ɗage riga sama da cibiya kaɗan don kada liman ya samu abin cewa, ya soka. Danda ya kau da kai. Alhaji Abdulƙarim, mai tireloli, ya dafa bango.

"Sukari gare ni," Jaji ya ce. "Na daɗe da shi. Wagga ita ce kwalbata, safe da yamma. Zazzaɓi ya kama ni na bar ta, jinina ya lalace, shi ne warin da kuka bi layi kuka shaƙa. Wanda bai yarda ba, likita na nan, ba ya cizo. Sauran tambayar da ke bakinku kuma, ku tai ku yi ma Zara'u, in kun isa."

Ba wanda ya nuna alamar ya isa.

Ya buɗe kwanon ya fara cin tuwo a gabansu. Liman ya yi gyaran murya ya ce zato zunubi ne, kuma shi dama zuciyarsa ba ta kwanta ba. Alhaji ya ce shi ma. Kafin a jima aka rasa wanda ya taɓa yarda da zancen, har na fara zargin ni kaɗai ne. Danda ya zaro mabuɗin daga aljihu ya ajiye kusa da kwanon, ya ce dama asuba tana wahalar da shi.

Ana cikin haka Baba Jibo, wanda kunnensa ya mutu tun zamanin fari, yana zaune a baya yana kallon komai bai ji ko kalma ba, ya dafa na kusa da shi ya ce da ƙarfin da kurame suke raɗa:

"Wayyo, yaron kirki. Ashe har ya kai ga allura."

Na yunƙura zan je in yi masa bayani. Jaji ya riƙe mini riga, bakinsa cike da tuwo.

"Zauna, Bature. Kai in ka yi bayani sai an kai ni kurkuku."